Ɗaga Mota Ba Wuya, Daidaita Farfela Shi Ne Aiki

Daga watan Nuwamba, idan ruwa ya ɗauke aka shiga haƙar citta a ƙasar Bajju, hanyoyin da ke kewaye da Fadan Kaje ba su samun hutu. Motocin a-kori-kura da ƙananan motocin kaya irin su Dyna da Canter sukan yi sammako ba kaya, su kutsa ƙauyuka ta hanyoyin burji waɗanda damina ta zaizaye, sa'an nan su komo da la'asar maƙil da buhuna, su nufi Zonkwa ko Kafanchan ko Kachia. Wanda ya lura da kyau zai ga wani abu a jikin da yawa daga cikinsu. In suna tafe ba kaya, bayansu a ɗage yake, goshinsu a sunkuye, kamar fara tana shirin tashi. Ba haka suka fito daga kamfani ba. Masu su ne suka sa aka ɗaga su.

Dalilin ɗagawar kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kudancin Jihar Kaduna shi ne tushen citta a Nijeriya, kuma tun wajen ƙarshen shekarun 1920 ake nomanta don sayarwa, watau daidai zamanin da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafanchan mahaɗa a 1927. Shekara da shekaru jirgi ne ke ɗauke da nauyin fatauci, amma da harkarsa ta yi rauni sai kaya suka koma kan mota. A-kori-kurar Peugeot, wadda aka yi ta fitarwa daga kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ta yi zamaninta, Hilux da 'yan'uwanta suka gaje ta. Kowacce aka ɗauka, abu biyu mai mota ke nema a wurinta: ta ɗauki fiye da abin da aka rubuta mata, kuma kada cikinta ya riƙa gogar ƙasa a kwazazzabo da mashigin rafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, ba mai son yin sawu biyu a kan abin da sawu ɗaya zai iya kwashewa.

Hanyoyin ɗagawar sanannu ne a kowane gareji. Wani a ƙara masa ganye biyu ko uku a sifirin na baya. Wani a kwance ganyayen a kai wa maƙeri ya buga su, ya ƙara musu lanƙwasa. Wani a musanya masa ƙarafan nan biyu da wutsiyar sifirin ke rataye a jikinsu, a sa masu tsawo. A motar da sifirin ke bisa aksul kuma, akan cusa dunƙulen ƙarfe a tsakaninsu. Duk aikin rabin yini ne, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Mai mota ya biya, ya tafi yana murna.

Ba a daɗewa sai tsugune ta ƙi ƙarewa. Direba ya fara jin wata jijjiga tana tasowa daga ƙarƙashin kujera, madubi yana rawa, sandar giya tana kaɗawa a tafin hannu. A duba tayoyi, ba a ga kome ba. Daga nan a fara jin ƙara a duk lokacin da aka sa giya. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya ce kuros ya mutu, a sayo sabo a sa. Bayan 'yan watanni shi ma ya bi sawun na farko, sai a ɗora laifi a kan 'yan kasuwa, a ce kayan yanzu duk jabu ne. Gaskiya ne akwai jabun kaya a kasuwa, ba mai musun wannan. Amma idan kuros na uku ya mutu a gurbin da biyu suka mutu, to, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ciwon yana ga yadda farfela ta karkata, da kuma tsawonta.

Abin da ke ƙarƙashin mota

Farfela dai ita ce doguwar sandar ƙarfen nan mai rami a ciki wadda ke ɗauko juyin inji daga giyabos ta kai shi aksul na baya. Giyabos a ɗaure yake da jikin mota. Aksul kuwa yana kan sifirin, kullum cikin hawa da sauka yake. Sabili da haka dole ne sandar ta iya lanƙwasawa a gaɓoɓinta, ta kuma iya ƙara tsawo da raguwa alhali tana juyawa. Lanƙwasawar aikin kuros ne, wani ɗan ƙarfe mai hannu huɗu, kowane hannu da ƙoƙonsa cike da siraran allurai da giris, an riƙe shi tsakanin gwafa biyu. Ƙarin tsawon kuwa aikin wata gaɓa ce mai haƙora wadda ke shiga tana fita cikin 'yar'uwarta kamar takobi da kube.

To, kuros yana da wani aibi wanda aka haife shi da shi, ba na ƙira ba ne balle a gyara. Masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya bincika wannan gaɓa tun a ƙarni na 17, ya kuma gane cewa idan tana aiki a karkace, sandar da ake juyawa ba ta tafiya da gudu ɗaya. Ko da inji yana juyi sumul, ita sai ta yi sauri, ta yi jinkiri, ta sake sauri, ta sake jinkiri, duk a cikin zagaye guda. Idan karkatar digiri 3 ce, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba, ba mai jin sa. A digiri 10 ya kai kashi ɗaya da rabi cikin 100 sama, da kamar haka ƙasa. A digiri 20 ya kai wajen kashi 6. Mai karatu zai lura cewa da aka ninka karkata sau biyu, fizgar sau huɗu ta ninku. Wannan shi ya sa ƙarin da ido ke raina wa yake zama babba a wurin ƙarfe.

Masu ƙera mota sun san da wannan tun lokacin da Clarence Spicer ya fara ƙera wa motoci irin wannan gaɓa a Amurka a 1904. Dabarar da suka tsaya a kai ita ce su sa kuros biyu, ɗaya a bakin giyabos, ɗaya a hancin aksul, domin na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla. Inda na gaba ya ƙara sauri, na baya ya rage daidai gwargwado, sai juyi ya isa taya lami lafiya. Amma wannan warwarewa tana da sharaɗi biyu. Na farko, karkatar kuros na gaba da ta na baya su zama ɗaya, ko kuwa kada bambancinsu ya wuce digiri guda. Na biyu, gwafar da ke wannan bakin sanda da wadda ke wancan bakin su kasance a layi ɗaya. In ɗaya ya ɓace cikin biyun nan, fizgar ba ta da wurin zuwa sai jikin mota.

Ko da an cika sharuɗɗan, sandar da ke tsakiya ita ba ta tsira ba, tana nan tana sauri da jinkirinta, allurai ne ke shan wahalar. A-kori-kura mai gudun kilomita 80 a awa, farfelarta tana juyawa kusan sau 2,500 a minti ɗaya, watau sama da sau 40 a daƙiƙa, kowane juyi kuma da fizga biyu. Ƙa'idar da masu ƙera kuros suka bayar ita ce, a irin wannan gudu kada karkata ta wuce kamar digiri 7, in kuwa ana son kuros ya yi tsawon rai, a tsaya wajen digiri 3. Wani abin mamaki kuma, ba a son ta zama babu sam. Kuros da ke aiki a miƙe ɗoɗar alluransa ba su mirginawa, sai su tsaya wuri ɗaya suna dukan ƙarfe har su yi masa gurbi. Ana bukatar ko da rabin digiri zuwa ɗaya domin giris ya zaga.

Inci huɗu ba kaɗan ba ne

Yanzu sai a dubi abin da ɗagawa ke yi. A ce farfela ƙafa 4 ce, aka ɗaga mota inci 4. Giyabos ya tashi tare da jiki, aksul yana inda yake, sandar ta ƙara gangarowa da kusan digiri 5. Idan da ma tana aiki a digiri 3, ga ta a 8. Idan kuwa sandar gajera ce, ƙafa 2, irin ta gaba a mota mai jan ƙafa huɗu, ko ɓangaren baya na farfela mai gaɓa biyu, to, inci huɗun nan fiye da digiri 9 zai ƙara. Ashe gajerar sanda ta fi doguwa jin jiki, ga shi kuwa ita ce ba a cika kulawa da ita ba.

Hanyar da aka bi aka ɗaga ita ma tana da tata illar. Ƙarin ganye ko dunƙulen ƙarfe yakan bar hancin aksul kusan yadda yake, sai dai karkatar gaba da ta baya su ƙaru tare. Dogayen marataya kuwa sukan saukar da wutsiyar sifirin kaɗai, aksul ya ɗan mirgina, hancinsa ya ɗaga sama. Sai karkatar baya ta ragu, ta gaba ta ƙaru, daidaito ya rushe. Bugu da ƙari, rabin tsawon da aka ƙara wa marataya kaɗai ke zama tsayin mota, saboda haka wanda ke son inci biyu sai ya ƙara huɗu, ya daɗa mirgina hancin.

A nan ne motar citta ta bambanta da motar da wani mai sha'awa ya ɗaga don ƙawa a birni. Ita tsayi biyu gare ta. Da safe tana tafe ba kaya, a ɗage, a kan kwalta, direba yana sauri don ya riski masu kaya. Wannan shi ne lokacin da karkata ta fi yawa, gudu kuma ya fi yawa, watau abubuwa biyun da kuros ya fi ƙi sun haɗu. Da yamma an danne ta da buhuna, sifirin ya kwanta, ta komo kusa da tsayin da kamfani ya yi mata, ga shi kuma ba a gudu. Sai jijjigar ta lafa. Shi ya sa ake jin direbobi suna cewa motarsu ba ta son tafiya fayau, sai ta ji kaya take natsuwa, har wasu suna faɗin haka da alfahari. Wannan ba halin kirki ba ne mota ke nunawa. Shaida ce a fili cewa ɗagawar ta kai farfela inda bai kamata ba, kuma direban da ya faɗa wa bakanikensa wannan magana ya riga ya ba shi rabin amsa.

Akwai sauran alamu da ke raba wannan jijjiga da waninta. Ta taya a hankali take bugawa, ana jin ta a sitiyari ko a ga jikin mota yana rangaji. Ta inji tana bin ƙarar inji, ko mota na tsaye ana iya ji. Ta farfela kuwa sirara ce mai sauri kamar gurnani, gudun mota take bi ko a wace giya ake. Idan tana ƙaruwa sa'ad da aka taka totur, ta ragu in an ɗaga ƙafa, ko kuma mota tana karkarwa wajen tashi daga tsaye, to, zancen karkata ne. Idan kuwa ba ruwanta da totur, gudu kaɗai ke ƙara ta, sai a zargi lanƙwasar sanda ko rashin daidaiton nauyinta. Jan gari kamar na tsatsa a bakin ƙoƙon kuros yana nufin allurai sun bushe suna cin junansu.

Awo kafin sayen kaya

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne wanda ba ya cin ko kwabo. A sa wa tayoyi weji, a kashe inji, a shiga ƙarƙashi a hangi sandar daga wannan baki zuwa wancan, a ga ko gwafofin suna layi ɗaya. Sau da yawa a wajen aikin ɗagawa akan zare gaɓar nan mai haƙora, yaron gareji ya mai da ita yadda ta shiga, haƙori ɗaya ko biyu a goce. Wasu kamfanoni sukan buga 'yar kibiya a ɓangarorin biyu don a haɗa su. Inda babu, bakanike mai hankali yakan ja layi da fenti ko ya buga alama da kurfi kafin ya kwance. Motoci da dama an sake musu kuros har an gaji, alhali abin da suke bukata a zare a juya haƙori ɗaya ne kawai.

Sa'an nan awo. A da sai an nemi ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu, ko a haɗa ma'aunin 'yan makaranta da zare da ɗan dutse. Yau kusan kowace wayar hannu ta zamani tana iya auna karkata in an ɗora gefenta a kan ƙarfe. Wuri uku ake aunawa: gangaren giyabos, wanda ake samu a fuskar faifan da farfela ke ɗaure a kai, da gangaren sandar kanta, da kuma ɗagawar hancin aksul. Ba lalle sai ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya sarai ba, domin bambancin da ke tsakanin lambobin ake nema. Abin da ke wajibi shi ne mota ta tsaya a kan tayoyinta, ba a kan jak ba, a kuma yi awon sau biyu, ba kaya da kuma da kaya.

Ga misali. An auna an sami giyabos ya gangara baya da digiri 4, sanda ta gangara da 9, hancin aksul ya ɗaga da 7. Karkatar kuros na gaba ke nan 9 a debe 4, saura 5. Ta baya 9 a debe 7, saura 2. Bambanci digiri 3, ya ninka abin da aka yarda da shi sau uku. Maganin shi ne a saukar da hancin da digiri 3 ya koma 4, daidai da giyabos, sai kuros biyun kowanne ya zama 5.

Wannan magani yakan yi wa mutane wuyar karɓa, domin ido ba ya yarda da shi. Wanda ya leƙa ƙarƙashin motar da aka ɗaga, abin da zuciyarsa za ta raya masa shi ne a ɗaga hancin aksul ya dubi giyabos kai tsaye, sandar ta shiga a miƙe. Har akan sami masu walda da ke yanke mazaunin sifirin su mirgina aksul don a sami haka, kuma aikin yakan yi kyan gani ƙwarai. Amma gyaran gangar Auzinawa ne. An kashe karkatar baya, an bar ta gaba ita kaɗai ba mai warware ta, sai jijjigar ta fi ta da. A farfela mai kuros ɗaya a kowane baki, abin nema shi ne layin giyabos da layin hancin aksul su tafi kafaɗa da kafaɗa kamar layin dogo, ba su dubi juna ba.

Ana gyara hancin da wani siririn weji na ƙarfe wanda ake sawa tsakanin sifirin da mazauninsa. In sifirin yana bisa aksul, sa kaurin wejin ta gaba yana saukar da hanci, in yana ƙarƙashi kuwa akasin haka ne. Wejin sai na baƙin ƙarfe, wanda aka sassaƙa a inji gwargwadon digirin da ake so, irin aikin da masu injin sassaƙa ƙarfe na Panteka a Kaduna suka saba da shi. Katako ko guntun taya ko tarin wasa a gefe ɗaya ba weji ba ne, ajali ne. Na alminiyon ma yakan murƙushe ƙarƙashin lodi. Sai an tabbata kan kusar nan ta tsakiyar sifirin ya ratsa wejin ya zauna a raminsa, domin shi ne ke hana aksul zamewa gaba ko baya. Kusoshin nan masu lanƙwasa da ke rungume da aksul kuma gara a sa sababbi, a sake ɗaure su bayan an yi 'yan kwanaki ana aiki.

Ƙwararru sukan bar hancin ƙasa da lissafi da digiri ɗaya ko biyu. Dalili kuwa, idan inji ya ja da ƙarfi, musamman a hawa irin na wajen Kagoro da kaya a baya, aksul yakan yi ƙoƙarin mirginawa, sifirin ya murɗe, hanci ya ɗaga da kansa. Dunƙulen ƙarfe a ƙarƙashin sifirin yana ƙara wannan murɗewa, gwargwadon kaurinsa gwargwadon ɓarnarsa. A aksul na gaba kuwa ba a sa shi ko kusa, weji ma sai da lura, gama yana taɓa yadda sitiyari ke komowa tsakiya.

Dogayen motoci masu farfela gaɓa biyu suna da boris a tsakiya, rataye da jikin mota cikin roba. Idan an ɗaga irinsu, ɓangaren baya kaɗai ke ɗaukar dukan karkatar. Akan sassauta masa ta hanyar saukar da boris ɗin kaɗan da faranti a ƙarƙashin mariƙinsa, ana yi ana awo, don gaɓoɓin uku su raba nauyin. Idan ɗagawa ta yi yawa har wannan duka bai wadatar ba, sauran abu ɗaya: farfela mai tagwayen kuros a bakin giyabos, waɗanda ke warware fizgar junansu nan take. Da irin wannan kaɗai ne ake ɗaga hancin aksul ya dubi giyabos, domin kuros na baya ba shi da sauran abin warwarewa. Tana da tsada, tana son giris a kai a kai, kuma hancin da aka ɗaga sosai yakan bar boris ɗinsa na gaba da ƙarancin mai.

Zancen tsawo

Nisan da ke tsakanin giyabos da aksul shi ma yakan sauya. A gajerar sanda mai ƙafa 2 wadda da ma ta gangara inci 4, ƙarin inci 4 yana neman ƙarin tsawo kusan inci ɗaya, kuma daga gaɓar nan mai haƙora za a ciro shi. Amma lissafin takarda bai isa ba, domin sifirin idan ya kwanta yakan tura aksul baya kaɗan, idan ya tashi ya jawo shi gaba. Sai an gwada. A ɗaga jikin mota da jak har tayoyin baya su rataya, a ga iyakar fitar takobin daga kube. A sauke, a yi mata cikakken lodi, a ga iyakar shigarsa. A tsayin tafiya ya kamata ya zauna wajen tsakiya, da sauran wurin shiga da sauran wurin fita.

Idan sanda ta gaza, haƙoran da ke riƙe da juna kaɗan ne, sai gaɓar ta riƙa lilo, ta cinye kanta, a motocin da take shiga cikin wutsiyar giyabos kuma ta ɓata robar da ke tare mai, a wayi gari ana ganin ɗigo. Ranar da taya ɗaya ta faɗa rami mai zurfi tana iya zarewa gaba ɗaya. Idan kuwa ta yi yawa, abin ya fi muni, ko da yake ba a gani. Takobi ya kai ƙarshen kube, babu sauran wuri, kowane rami aka faɗa sai sandar ta soki giyabos kamar mashi, ta kashe boris, wani lokaci ta tsaga jikinsa. Wannan yakan sami wanda aka ƙara wa sandarsa tsawo da awo ɗaya tak, ba a gwada ta a ɗaya tsayin ba.

In abin da ya gaza kaɗan ne, faifan ƙarfe a tsakanin farfela da mazauninta ya isa, muddin an sassaƙa shi da bakin da zai zaunar da sandar a tsakiya, aka kuma sa dogayen kusoshi masu ƙarfi. In ya fi haka, sai a sake bututun ɗungum. A yanke waldar da ke bakin gwafofi, a kawo bututu guda mai kauri da faɗi irin na asali, a jera gwafofin a layi, a ɗora a inji ana juyawa ana duba miƙewarsa kafin a yi walda da kuma bayanta. Gocewar da ake yarda da ita ba ta kai milimita ɗaya ba. Abin da ake yawan yi a bakin hanya, watau a raba sanda biyu a tsakiya a cusa guntun famfo a like, shi ne mafi haɗari, zama an sa rauni da nauyi daidai inda sandar ta fi lilo. 'Yan ƙananan ƙarafan nan da ake gani manne a jikin farfela kuma ba datti ba ne, kamfani ne ya sa su don daidaita nauyi. Sabon bututu yana bukatar nasa. Inda babu injin gwaji, akan ɗaura maɗaurin tiyo biyu a sandar, a riƙa matsar da kawunansu ana gwada mota har a sami inda jijjiga ta kwanta.

Wanda yake ganin duk wannan ɓata lokaci ne, ya tuna da abin da ke faruwa in kuros ya watse ana cikin gudu. Idan na baya ne, sandar ta yi ta dukan cikin mota, tana iya fasa tanki ko ta tsinke bututun birki. Idan na gaba ne, bakinta ya faɗo ya caki kwalta alhali mota na tafe a kanta, ta cilla bayan motar sama. A-kori-kurar ƙauye kuwa ba safai ake rasa mutane zaune a kan buhuna ba. Ɗan zoben ƙarfe mai kauri da aka kewaya sandar da shi kusa da kuros na gaba, aka ɗaure a jikin mota, ya isa ya tare ta, kuma kowane mai walda zai iya yin sa.

Ɗagawa takan ja waɗansu abubuwa ban da farfela. Tiyon birki na baya yakan ɗame, shokazoba ta kai iyakarta. Motoci da yawa suna da wata 'yar na'ura da ke auna saukar baya don ta san irin ƙarfin birkin da za ta tura wa tayoyin baya. In an ɗaga mota ba a gyara sandarta ba, sai ta ɗauka kullum ba kaya, ta rage birki a lokacin da aka fi bukatarsa. Ƙarin ganye kuma bai ƙara wa aksul ko taya ko birki ƙarfin kome ba, ya dai ɓoye wa ido nauyin da aka ɗora musu.

Game da gogar ƙasa da ake gudu, sifirin jiki kaɗai yake ɗagawa. Tulun aksul, wanda shi ne mafi kusa da ƙasa, yana nan inda yake ko ganye goma aka ƙara, tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Wanda bukatarsa ɗaukar kaya ce kuwa, akwai tsarin da manyan motoci suka daɗe da shi, watau sifirin mataimaki, wanda ke zaune bisa na asali ba ya taɓa kome sai lodi ya danne mota sa'an nan ya karɓi nauyi. Da shi mota takan tsaya kusa da tsayinta na kamfani in ba kaya, ba ta kuma durƙushewa in an loda ta, sai tazarar da ke tsakanin tsayinta na safe da na yamma ta ragu. Motar da aka riga aka ɗaga fiye da kima, aka auna aka ga babu wejin da zai gamsar da tsayin biyu, sau da yawa cire ganye ɗaya ko mai da marataya na asali ya fi sayen sabuwar farfela sauƙi.